Tambaya da Amsa: Tafiya Ƙasar Waje da Allurar Insulin

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan watan sun fito ne daga masu ciwon suga da ke amfani da allurar insulin, maganin da ke sauke suga a jini, waɗanda ke shirin tashi daga Legas zuwa Umra, ko harkar kasuwanci, ko ziyarar 'ya'ya. Likitocin wannan shafi sun zaɓi shida sun amsa. Adadin da za ku gani a misalai na bayani ne, likitan da ke duba mutum shi ke rubuta masa nasa adadin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dattijuwa ce a Agege, zan tafi Umra na mako biyu in Allah ya yarda. An ce mini a filin jirgi ana ƙwace allura da duk wani abu mai ruwa, don haka 'yata ta ce in sa maganina a babbar akwati a yi awonta. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ki lafiya, ya karɓi ibada. Kada ki sa insulin a akwatin da za a auna a wuce da ita ƙarƙashin jirgi. Dalili biyu ne. Na farko, wurin da ake zuba kaya yana iya yin sanyin da zai daskarar da maganin, kuma insulin da ya daskare ya mutu, ko da ya narke ya koma kamar yadda yake a ido. Kafin a loda akwatin ma tana iya daɗewa a rana a filin jirgin Murtala Muhammed ko na Jidda. Na biyu, akwati tana ɓata ko ta yi lattin kwana biyu, jikinki kuwa ba zai jira ta ba.

Dokar da ta hana shiga jirgi da abu mai ruwa fiye da mililita 100 ta yi wa magani rangwame. Abin da zai sauƙaƙa miki shi ne takarda daga likitanki, da Turanci, mai ɗauke da tambarin asibiti, wadda ta bayyana cewa kina da ciwon suga kuma dole ki riƙe insulin, allurai, na'urar gwaji da tsinken huda yatsa. A rubuta sunan kowane magani da adadin da kike yi. Ki bar maganin a kwalinsa na asali, ki fito da shi da kanki a wurin bincike tun kafin a tambaye ki. Ki sa 'yarki ta ɗauki hoton takardar a wayarki da wayar wadda za ku tafi tare.

Game da yawa, ki ninka abin da lissafi ya ba ki. Tafiyar mako biyu, kayan wata guda. Alƙalamin insulin na yau da kullum, wato abin yin allura mai siffar biro da maganin ke cikinsa, yana ɗauke da mililita 3, wato yunit 300. In kina yin yunit 40 a rana, da ɗan yunit 2 da ake fesarwa kafin kowace allura don fitar da iska, alƙalami ɗaya mako guda zai yi miki. Mako biyu alƙalami biyu ke nan, sai ki riƙe huɗu. Takardun gwaji ma a ninka, domin a tafiya za ki gwada fiye da yadda kike yi a gida, sannan ki ƙara batirin na'ura. Ki raba kayan gida biyu, rabi a jakarki, rabi a jakar hannun abokiyar tafiya.

Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi yawanci yana yin kwana 28 a wajen firiji muddin zafi bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a takardar cikin kwali. Don hanya, akwai 'yar jaka da ake jiƙawa da ruwa, tana sanyaya abin da ke ciki yadda randa ke sanyaya ruwa, ba ta bukatar wuta. Sharaɗinta iska ta riƙa ratsa ta, in aka ƙulle ta a leda ta daina aiki. In kula za ki yi amfani da ita, ki naɗe maganin a tawul don kada ya taɓa ƙanƙara. A masauki ki duba firijin ɗaki kafin ki amince masa: ki sa ɗan ruwa a kofi na 'yan awanni, in ya fara daskarewa firijin bai dace ba. Kada ki jingina maganin da bangon baya na firiji, can ne ya fi sanyi.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Alaba Rago, ina zuwa Guangzhou sayen kaya. Ina yin Mixtard da ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma. Duk lokacin da na sauka sai in rasa agogon da zan bi, kuma a zuwana na ƙarshe suga ya faɗi mini cikin dare a otel. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, tambayarka ita ce mafi nauyi a wannan watan, don haka za mu ɗan tsawaita.

Agogon Sin yana gaban na Legas da awa 7. Wannan na nufin ranar da ka tafi gajeriya ce, awa 17 maimakon 24, ranar dawowa kuma doguwa ce, awa 31. Mixtard 30 haɗi ne na insulin mai saurin aiki kashi 30 da mai jinkirin aiki kashi 70, kuma mai jinkirin yana nan yana aiki fiye da awa 12 bayan allura. Ka duba yadda lissafin ke kasancewa. Ƙarfe bakwai na safe a Legas ƙarfe biyu na rana ne a Guangzhou. In ka yi cikakkiyar allurar safe a wannan lokacin, sannan ka ga bakwai na yamma ta yi a agogon otel ka sake yin cikakkiyar allurar yamma, tazarar da ke tsakaninsu awa 5 ce kacal. Allura ta hau kan allura, ƙarfinsu ya haɗu cikin dare kana barci, ga gajiya, ga abincin da ba ka saba da shi ba wanda wataƙila ba ka ci sosai ba. Mafi yawan faɗuwar suga a daren farko daga nan take zuwa.

Abin yi yana farawa ne mako huɗu ko fiye kafin tafiya. Ka kai wa likitanka takardar tikitin gaba ɗaya, da lokacin tashi, da wurin yada zango, da lokacin sauka, ku rubuta jadawalin allura a takarda. Ƙa'idar da aka saba bi idan za a yi gabas ita ce a rage insulin mai jinkirin aiki gwargwadon awannin da aka rasa. Awa 7 cikin 24 kusan kashi 30 cikin ɗari ne, don haka mai yin yunit 40 a rana zai iya samun ragin kusan yunit 12 a ranar tafiyar, kuma ragin yakan faɗa ne kan allurar da ta matsu tsakanin agogo biyu. Wasu likitocin sukan fi son a ɗage wannan allurar gaba ɗaya, a rufe abincin lokacin da ɗan insulin mai saurin aiki, sannan a koma Mixtard da yamma a agogon can. A ra'ayinmu duk mai doguwar tafiya irin taka ya kamata ya riƙe alƙalami ɗaya na insulin mai saurin aiki, likita ya koya masa yadda zai gyara suga da shi, domin haɗaɗɗen insulin ba ya lanƙwasuwa da sauyin lokaci.

A dawowa lamarin ya juya. Ranar ta yi tsawo, za ka ci ƙarin abinci, allurar da ka yi za ta ƙare kafin lokacin ta gaba ya yi. A nan ƙari ake bukata, yawanci ɗan insulin mai saurin aiki tare da ƙarin abincin, bayan an gwada.

A cikin jirgi ka bar agogon hannunka a lokacin Legas har sai ka sauka, don ka san awa nawa ke tsakaninka da allurar ƙarshe. Ka gwada suga duk bayan awa 3 zuwa 4, da kuma kafin ka yi barci. Kada ka yi allurar abinci sai farantin yana gabanka, domin in jirgi ya shiga gargada ana tsayar da rabon abinci, kai kuma maganin ya riga ya shiga jini. Canjin iska a sama yana haifar da kumfa a cikin alƙalami, sai ka cire allurar daga bakinsa bayan kowane amfani, kuma ka fesar da yunit 2 sama kafin ka yi. Suga ya ɗan hau zuwa 180 ko 200 a ma'aunin mg/dL na na'urar gwaji na yini ɗaya bai kai haɗarin ya faɗi kana tsakiyar sararin samaniya ba, don haka a ranar tafiya kada ka matsa wa kanka sai ka ga 100.

Ga masu yin insulin mai dogon aiki sau ɗaya a rana, irin su Lantus, abin ya fi sauƙi. Za su iya ci gaba da bin agogon Legas: goma na dare a nan biyar na asuba ce a Guangzhou, lokacin da dama ana tashi salla. In ba su so haka, sai su riƙa matsar da lokacin awa ɗaya ko biyu kullum har ya daidaita. Masu zuwa Saudiyya, inda bambancin awa 2 ne, ko Dubai mai awa 3, ko Ingila wadda ba ta wuce awa ɗaya ba, yawanci ba sa bukatar rage komai.

Tambaya: Mahaifina zai je wurin ƙanena a Indiya neman magani na wata biyu. In insulin ɗinsa ya ƙare, zai iya saye a can? Shi kwalba da sirinji yake amfani da su. Daga Idi-Araba.

Amsa: Malam, zai iya, amma akwai tarko a nan wanda ya kai mutane asibiti a sume. Insulin na kwalba ƙarfi biyu ne: U-100, mai yunit 100 a kowace mililita, da U-40, mai yunit 40. A Indiya ana sayar da duka biyun. Kowane ƙarfi da sirinjinsa. In Baba ya ja insulin U-100 da sirinjin U-40 har zuwa layin 20, abin da ya shiga sirinjin rabin mililita ne, wato yunit 50, ninki biyu da rabi na abin da ya yi niyya. In kuma ya ja U-40 da sirinjin U-100 zuwa layin 20, yunit 8 kawai ya samu, suga ya yi ta hawa ana zargin magani jabu ne. Yawanci murfin sirinjin U-40 ja ne, na U-100 ruwan lemo, amma kada a dogara da launi. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba da jikin sirinji, lambobin su zama iri ɗaya. Duk lokacin da aka sayi sabuwar kwalba a sayi sirinjinta tare. Kuma kada a taɓa zuƙo insulin daga cikin alƙalami da sirinji, domin wasu alƙalaman, kamar Toujeo, yunit 300 ne a mililita.

Sunan kamfani ma yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. NovoRapid da muka sani shi ne NovoLog a Amurka. Don haka likita ya rubuta masa sunan sinadarin, kamar glargine ko aspart, ya kuma tafi da kwalin da babu komai a ciki don nuna wa mai kemis.

Ku lura da na'urar gwaji ma. Wasu na ba da sakamako a mg/dL, wasu a mmol/L, kuma 18 ce ke raba su: 7 a mmol/L 126 ce a mg/dL, 10 kuma 180. Ingila da Sin mmol/L suke amfani da shi, Indiya da Amurka mg/dL. Takardun gwajin wata na'ura ba sa shiga wata, kuma ba lallai a sami irin nasa a can ba, gara ya tafi da isassu.

Tambaya: Ina shirin aikin Hajji daga Mile 12. Tsorona shi ne suga ya faɗi mini a cikin ɗawafi. Sannan ƙafafuna ba na jin su sosai.

Amsa: Alhaji, tsoron naka yana kan hanya. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa daga tantunan Mina. Tafiya tana cinye suga, zafin Makka da kan haura digiri 40 kuma yana sa insulin ya shiga jini da sauri fiye da yadda ka saba. Allurar da aka yi a cinya kafin doguwar tafiya ta fi saurin aiki, don haka a ranakun ibada mai nauyi ka yi ta a fatar ciki. Likitoci da yawa suna rage adadin insulin na waɗannan ranakun, ku tattauna wannan kafin ka tashi.

Ka gwada kafin ka shiga ɗawafi. In sugan yana ƙasa da 100, ka ci wani abu tukuna. Alamomin faɗuwa su ne karkarwa, gumi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, ruɗewa da gani biji-biji. Matsalar ita ce zafi da gajiya ma suna kawo irin waɗannan, shi ya sa na'ura ba ta barin jakar ɗamararka. Ƙasa da 70, wato 3.9 a mmol/L, faɗuwa ce. Ka tsaya nan take, ka koma gefe, ka sha abin da ke da giram 15 na suga: ƙananan dabino uku, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko ƙwayar suga uku zuwa huɗu, ko rabin kofin lemon kwalba mai suga. Ka jira minti 15 ka sake gwadawa, in bai hau ba ka maimaita. Bayan ya hau ka ci burodi ko biskit don ya riƙe. Cakulan da soyayyen abu ba sa saurin ɗaga suga saboda mai. Ka sanar da abokan ɗakinka tun a Legas cewa in suka gan ka ba ka cikin hayyacinka, kada su ɗura maka komai a baki, su kwantar da kai a gefenka su kira motar asibiti. Lambarta a Saudiyya 997 ce. Ka rataya kati a wuya mai bayanin ciwonka da Larabci da Turanci, ka kuma san inda asibitin tawagar likitocin hukumar alhazai ta ƙasa yake tun ranar da ka sauka.

Batun ƙafa kuwa, shi ya fi ba mu tsoro. Wanda jijiyoyin ƙafarsa suka yi rauni zai iya taka ƙasa mai zafi ya ƙone tafin ƙafa bai sani ba, sai ya ga ɓawo da dare. Hakan na faruwa ne yawanci in takalmi ya ɓata a ƙofar masallaci mutum ya ce bari ya lallaɓa zuwa masauki haka nan. Ka riƙe takalminka a jaka ka shiga da shi, da wani na ajiya. Kada ka sayi sabon takalmi ranar tafiya, ka fara sa shi makonni kafin nan. Kowane dare ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ka tsane su sosai bayan alwala, ka shafa man da ba shi da ƙamshi a dunduniya. Ko ƙaramin ciwo ka gani, ka kai wa likita a ranar. Game da sa safa ko rufaffen takalmi cikin harami saboda larura, da wakilta wani ya yi maka jifa, ka tambayi malaminku, shari'a ta yi wa mai larura sauƙi.

Tambaya: Direba ne ni, ina kai kaya Kwatano da Akara ta iyakar Seme. Ina ajiye allurata a aljihun gaban mota. Kwanan nan na ga ba ta aiki kamar da.

Amsa: Ɗan'uwa, zafi ne ya cinye ta. Cikin motar da aka rufe a rana yana wuce digiri 50, kuma aljihun gaba na cikin wurare mafi zafi. Ka jefar da wannan ka buɗe sabuwa. Insulin garai da ya yi gurɓi-gurɓi, ko mai farin ruwa da ya yi gudaji ko ya manne a jikin kwalba, ya lalace, amma sau da yawa zafi yana rage masa ƙarfi ba tare da ya canza kama ba. Ka sa shi a fulas mai faɗin baki wanda ka ɗauraye da ruwan sanyi, ko jakar da muka ambata a sama, ka fita da shi duk inda ka tsaya. Takardun gwaji ma zafi na ɓata su. Ka gwada kafin ka kunna mota da duk bayan awa 2, kada ka tuƙa in sugan bai kai 90 ba. Cunkoson hanyar Badagry da jiran iyaka na iya ɗage maka abinci awanni, don haka suga da biskit su kasance inda hannunka zai kai.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 19 yana da ciwon suga tun yana ƙarami, zai tafi karatu Masar. In ya kamu da amai da gudawa ba ya iya cin abinci, ya daina allura har ya warke? Uwa ce daga Obalende.

Amsa: A'a, Hajiya, kada ya daina. Ki nanata masa wannan har ya zauna masa. Jikin mai irin ciwonsa ba ya yin insulin ko kaɗan, kuma rashin lafiya tana ɗaga suga ko mutum bai ci komai ba. In ya tsayar da insulin mai dogon aiki, jiki zai koma ƙona kitse, wani sinadari da ake kira kiton ya taru a jini ya mai da shi tsami, cikin yini ɗaya abin na iya kai shi ga suma. Allurar abinci ita ake ragewa ko ƙarawa gwargwadon gwaji da abin da ya ci, mai dogon aiki kuwa tana nan.

Ranar da ba shi da lafiya ya gwada suga duk bayan awa 2 zuwa 4, har cikin dare. Ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan ba tsayawa, da ruwan gishiri da suga na leda wanda aka dama da ruwan gora. In sugan yana ƙasa kuma ba ya iya cin abinci, ya sha abu mai zaƙi a madadin abincin. In ya haura 250, wato kusan 14 a mmol/L, ya gwada kiton. Akwai takardun gwajinsa na fitsari masu arha, ya tafi da gwangwani ɗaya, ya duba ranar lalacewarsu. A gwajin kiton na jini, 1.5 zuwa sama na bukatar ƙarin insulin mai saurin aiki bisa tsarin da likitansa ya rubuta masa da kuma kiran likita, 3 zuwa sama kuwa asibiti ne kai tsaye. Haka nan in amai ya hana ruwa zama a cikinsa fiye da 'yan awanni, ko yana numfashi da ƙarfi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko barci na rinjayarsa, kada ya jira gari ya waye.

Kafin ya tashi a tabbatar inshorar lafiyarsa ta ambaci ciwon suga ƙarara, domin da yawa ba sa biyan kuɗin ciwon da mutum ya zo da shi in ba a bayyana shi tun farko ba. A makon farko da ya isa ya yi rajista da asibitin da ke kusa da makarantar, ya nemo kemis ɗin da ke da irin insulin ɗinsa tun na hannunsa bai yi rabi ba, ya kuma nuna wa abokin ɗakinsa inda yake ajiye suga da takardar likita.